Dalilin da ya sa GPS ke iya rikicewa bayan sallar Isha'i a yankin Madarumfa

Daga wakilinmu a Maraɗi

A 'yan shekarun nan kalmar "lokeshan" ta samu wurin zama a bakin matasa tun daga Maraɗi har Katsina. Ɗan kabu-kabun da aka ba saƙo zuwa unguwar da bai sani ba, lokeshan yake nema. Haka direban da ya ɗauko kaya daga Jibiya zai shigo ta Ɗan Isa. Shi ma ɗan ci-ranin da ke Aljeriya ko Saudiyya, idan ya aiko kuɗi a saya masa fili a gida, abin da yake fara cewa shi ne a je a tsaya a tsakiyar filin a turo masa lokeshan ta WhatsApp. Shuɗin ɗigon nan da ke kan taswirar waya ya zama tamkar mai ba da shaidar da ba a ja da maganarsa.

Sai dai garin Madarumfa, mai tazarar kilomita 20 da 'yan kai kudu da Maraɗi, da sauran garuruwan kudancin Nijar da arewacin Najeriya, suna ƙarƙashin wani yanki na sararin samaniya da masana kimiyya suka sanya cikin mafiya wahalar ratsawa ga saƙon taurarin ɗan'adam a duk duniya. Matsalar tana da lokacinta. Takan fara awa ɗaya zuwa biyu bayan faɗuwar rana, wajen sallar Isha'i ke nan, ta kai tsakar dare, wani lokacin ta zarce. Tana kuma da watanninta da shekarunta.

Idan taswira ta rikice da dare, rezo ake fara zargi, ko a ce wayar ce ta tsufa. Sau da yawa zargin yana kan hanya, domin rufin kwano da manyan itatuwa da wayar da ta sha jiki duk suna ɓata lissafi. Amma akwai dararen da ake zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Abin da ya taɓa saƙon yana can sama da kilomita 300 a bisa kanmu, inda babu eriyar kamfanin waya ko ɗaya.

Waya saurare kawai take yi

Tsarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, sojojinta ke tafiyar da shi. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya fara cikakken aiki a 1995. Taurarinsa kimanin 30 suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Yawancin wayoyin yanzu suna sauraron biyu ko uku ko ma dukansu a lokaci guda, ko da yake mu duk GPS muke ce musu, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo.

Wayarka ba ta aika wa tauraro komai. Kowane tauraro ne ke ta nanata abu biyu dare da rana: ga inda nake, ga kuma abin da agogona ya buga. Wayar sai ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Idan ta samu taurari huɗu ko fiye, lissafi ya cika. Shi ya sa GPS ke aiki a tsakiyar dajin Baban Rafi ko da babu sandar rezo ko ɗaya. Aikin data shi ne sauke hoton taswirar, da ɗan taimaka wa wayar ta kama taurarin da wuri.

Komai ya rataya ne a kan lokaci. Saƙon na tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka raba daƙiƙa gida miliyan aka yi kuskuren gida ɗaya tak, an yi kuskuren mita 300. Saboda haka duk abin da ya ɗan riƙe saƙon a hanya, komai ƙanƙantarsa, ya matsar da kai daga inda kake tsaye.

Masu sauraron gajeren zango sun riga mu saninta

Abin da ke riƙe saƙon wata shimfiɗar iska ce da masana ke kira ayonosfiya. Tana farawa daga kimanin kilomita 60 a sama ta kai wajen 1,000. Wani ɓangare na hasken rana mai tsananin ƙarfi, wanda ba ya isowa ƙasa, yana farfasa ƙwayoyin iskar wurin ya bar su ɗauke da cajin lantarki. Da rana cajin ya yi yawa, da dare ya ragu.

Duk wanda ya tashi a gidan da baba ko kaka ke murɗa akwatin rediyo yana neman Landan ko Jamus ya riga ya ci moriyarta. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kuma muryar da ke isowa ƙauyukan Gabi da Safo ta gajeren zango sama take hawa, ta bugi wannan shimfiɗa ta dawo ƙasa, kamar ƙwallon da aka doka wa bango. Yadda muryar mai karanta labarai ke tasowa, ta lafa kamar za ta ɓace, ta sake dawowa, motsin ayonosfiya ne mai sauraro ke ji da kunnensa. Masanin Ingila Edward Appleton, wanda ya tabbatar da samuwarta ta hanyar gwaji a 1924, ya samu kyautar Nobel a 1947.

Saƙon GPS ratsa shimfiɗar yake yi ya wuce, amma ratsawar tana jinkirta shi, kuma jinkirin na iya zama kuskuren 'yan mitoci har zuwa gomman mitoci idan ba a gyara ba. Waɗanda suka tsara GPS sun san da haka, don haka taurarin na aiko da wani lissafin gyara tare da saƙon. Kusan rabin kuskuren kawai lissafin ke cirewa, kuma ya fi dacewa da samaniyar Amurka da Turai, inda shimfiɗar ke da natsuwa. Tamu ba ta da wannan natsuwar.

Layin da ya ratsa ta kudu da mu

Duniya tamkar ƙaton maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Wannan maganaɗisu yana da nasa layin tsakiya, daban da ikwaitar da aka koya mana a darasin labarin ƙasa. A Afirka ta Yamma layin ya karkato arewa sosai, har ya ratsa arewacin Najeriya, 'yan ɗaruruwan kilomita kudu da Madarumfa. A ma'aunin sararin samaniya, wannan ƙofar gida ce.

A kan layin, zaren maganaɗisun duniya kwance yake sambal daga kudu zuwa arewa. Da rana, ƙarfin lantarkin da kaɗawar iskar can sama ke haifarwa yana haɗuwa da shi ya tunkuɗa iskar mai caji sama. Idan ta hau ɗaruruwan kilomita sai ta gangaro ta ɓangare biyu, kamar ruwan tiyo da aka ɗaga bakinsa, ta taru a wurare biyu masu nisan kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin. Tulin arewa yana kan Sahara, wajen kudancin Aljeriya da Libiya. Na kudu yana kan tekun Gini, ya nufi Gabon da Kongo. Appleton ɗin dai ne ya yi bayanin waɗannan tuli biyu a 1946.

Abin da ya fi damun masu aiki da GPS yana zuwa ne bayan rana ta faɗi. Da haske ya ɗauke, ƙasan shimfiɗar yana saurin rasa cajinsa, samanta kuwa yana nan maƙil. A daidai lokacin kuma, wajen magariba, tunkuɗawar nan takan ƙara ƙarfi na ɗan lokaci ta ɗaga shimfiɗar gaba ɗaya. An samu mai nauyi a sama, marar nauyi a ƙasa ke nan. Duk wadda ta taɓa juya kwalbar da ke da ruwa da man gyaɗa ta san abin da zai biyo baya. Man ba ya zama a ƙasa, dunƙule-dunƙule zai riƙa yi yana hudowa sama.

Haka iskar da ta rasa caji ke huda shimfiɗar ta taso, masana kuma suka sa mata suna kumfa. Sai dai kumfa ce da faɗinta kan kai gomman kilomita zuwa 100 ko fiye. Tana iya hawa har kilomita 1,000, ta miƙe kudu da arewa tana bin zaren maganaɗisu, sannan ta riƙa tafiya gabas da gudun kimanin mita 100 a daƙiƙa, ninki uku ke nan na motar da ke sheƙa gudu a kan kwalta. Wadda ta taso a saman Sakkwato ko Birnin Ƙonni na iya isowa saman Madarumfa cikin ƙasa da awa ɗaya.

An fara ganin alamarta a 1938 a tashar bincike ta Huancayo da ke ƙasar Peru, wadda ita ma ke kan wannan layi. A 1976 masana biyu, Ronald Woodman da César La Hoz, suka yi amfani da ƙatuwar na'urar rada ta Jicamarca kusa da birnin Lima suka fitar da hoton yadda take tashi kamar hayaƙi. Daga baya taurarin bincike suka nuna cewa Afirka na cikin yankunan da kumfar ta fi yawan tashi a duniya.

Cikin kumfar da gefenta cike suke da gargada. Saƙon tauraro idan ya ratsa su sai ya wargaje, wani ɓangare ya riga wani isowa, su yi ta karo da juna. Wanda ya taɓa haska tocila cikin tafkin Madarumfa a daren da iska ke kaɗa ruwan ya ga irin haka da idonsa, hasken na nan amma rawa yake yi, ya taru nan ya watse can. Saƙon GPS dama da ƙyar yake isowa ƙasa saboda rauni. A dare mai tsanani ƙarfinsa na iya faɗuwa ninki ɗari cikin ƙiftawar ido, sai na'ura ta saki tauraron ta koma nemansa. Idan ta saki biyu ko uku a lokaci guda, lissafi ya karkace, ɗigo ya yi tsalle ko ya tsaya cak.

A nan akwai ɗan sauƙi ga mutanen Madarumfa. A samanmu kumfar ke tasowa, amma ta fi yin ɓarna a inda caji ya fi yawa, wato wajen tulin nan biyu. Tauraron da ke tsaye bisa kai bai cika shan wahala ba kamar wanda ya karkata can arewa ko can kudu, wanda saƙonsa ke ketowa ta kusa da inda abin ya fi ƙamari.

Watannin da ta fi tashi su ne Maris da Afrilu, sai Satumba da Oktoba, lokacin da dare da rana ke daidaita. Hazo da ƙurar hunturu da ke hana jirgi sauka a Kano ba su da wani tasirin a-zo-a-gani a kan GPS. Daren da sama ta yi garau, taurari na ta ƙyalli, yana iya zama shi ne mafi rikici.

Mita biyar a iyakar gona

Masuntan tafkin ba su da wannan damuwa, sun san ruwansu. Masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi ma ba sa buɗe taswira. Inda maganar ta zama mai nauyi shi ne batun ƙasa.

Jihar Maraɗi na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Gonaki na ta ƙanƙancewa da rabon gado, burtali na matsewa. A watan Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya a ƙauyen Toda da ke wannan jiha ya ci rayukan mutum sama da 100. Ba a cika shekara biyu ba, a Maris ɗin 1993, aka kafa dokar tsarin karkara da aka fi sani da Code Rural, wadda ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira Cofo, daga matakin gunduma har ƙauye. A yau da na'urar GPS ta hannu ake ɗaukar iyakokin gonaki da burtali da makiyaya da dama kafin a rubuta takarda.

Awon gona da rana ake yi, don haka kumfar dare ba ta samunsa. Abin da ke samunsa shi ne jinkirin nan na rana, wanda ya fi yawa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da caji ke kai ƙololuwa. Ko a inda samaniya ke lafiya, gwamnatin Amurka da kanta tana cewa wayar hannu a fili kan kauce wa daidai da kimanin mita 5. A ce gona ce mai hekta ɗaya, mita 100 kowane gefe. Idan iyaka ɗaya ta matsa da mita 5, an ɗebe murabba'in mita 500, kashi ɗaya cikin 20 na gonar. A filin gini mai mita 20 kowane gefe kuwa, wannan matsawar ta cinye rubu'in filin. An sha zuwa gaban alƙali a kan abin da bai kai haka ba.

Don haka lambobin da ƙaramar na'ura ta rubuta ba su isa su sallami dattawan da suka san kukar iyaka ba, ko jerin gamba da aguwar da kakanni suka dasa, ko turakun siminti. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan ci-ranin da aka turo wa lokeshan kuma ya sani cewa unguwar aka nuna masa. Iyakar filin sai takarda da aikin mai safiyo.

Ƙwararrun masu safiyo suna aiki da na'urorin da ke sauraron kowane tauraro a zango biyu. Da yake ayonosfiya ba ta jinkirta zangon biyu daidai da juna, bambancin da ke tsakaninsu yana tona yawan jinkirin, a cire shi, awo ya sauko zuwa 'yan santimita. Irin wannan daidaito manyan ayyuka ke buƙata, kamar layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Wasu wayoyi ma sun fara zuwa da zango biyun, tun daga Xiaomi Mi 8 a 2018.

Amma zango biyu maganin jinkiri ne kawai. Idan kumfa ta wargaza saƙon, babu abin da za a kwatanta. Manoman rake na Burazil, ƙasar da ita ma layin maganaɗisun ya ratsa, sun daɗe da sanin haka. Injinansu masu tuƙa kansu da GPS suna aiki dare da rana, kuma a lokacin kumfa sukan rasa daidaitonsu bayan faɗuwar rana, har a dakatar da aiki.

Sai masu tafiyar hamada. Hanyar Agadas zuwa Dirku da Libiya, da ta Arlit da Assamaka zuwa Tamanrasset, suna nufar ƙarƙashin tulin arewa ne kai tsaye, kuma direbobi da dama sun fi son tafiyar dare saboda zafi. Wayar Thuraya da suke dogaro da ita tana aiki a zangon da ke maƙwabtaka da na GPS, don haka abin da ya taɓa wannan yana iya taɓa waccan. Gaskiyar magana, kuskuren mita 20 ko 30 ba ya ɓatar da mota a Tenere, kamar yadda ba zai sa jami'an tsaro su kasa gane ƙauyen da aka kira su da dare a kan iyaka ba. Abin lura shi ne ɗaukewar saƙo na 'yan mintoci, da kuma mutum ya san cewa na'urar da ta yi shiru da ƙarfe tara na dare ba lallai ta lalace ba. Sau da yawa ɗan jira a fili ya isa, kumfar ta wuce gabas.

Inda kuskure ba shi da gyara

Ma'aikatan jiragen sama ne suka fi ɗaukar lamarin da zafi. Jirgin da zai sauka cikin hazo yana buƙatar sanin tsayinsa daga ƙasa daidai, yana kuma buƙatar a gargaɗe shi cikin 'yan daƙiƙoƙi idan lissafin ya ɓaci. Amurka da Turai sun magance wannan da tsarin da ake kira SBAS. Tashoshi a ƙasa suna auna kuskuren GPS, su aika gyara ta wani tauraro zuwa ga jirage. Amfaninsa shi ne ƙaramin filin jirgi irin na Maraɗi zai iya samun saukar da ta dogara da na'ura ba tare da an kafa masa kayan saukar jirgi masu tsada ba.

Sai dai lissafin da aka yi wa samaniyar Turai ba ya ɗaukar tamu. Ko a Amurka, guguwar rana ta ƙarshen Oktoban 2003 ta hana amfani da tsarin wajen auna tsayi na sa'o'i masu yawa. Indiya, wadda ke da irin samaniyarmu, sai da ta tsara nata lissafin kafin tsarinta na GAGAN ya samu amincewar saukar jirage a 2015.

Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wadda Nijar ke cikinta kuma makarantarta ta EAMAC ke Yamai, ta bi wannan sawu. Ta fara da kafa tashoshin auna ayonosfiya a Dakar da Wagadugu da Lome da Duwala da Injamena tare da hukumar sararin samaniya ta Faransa. A Satumban 2020 aka fara watsa saƙon gwaji ta tauraron Najeriya NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disamban 2011, sannan a Janairun 2021 aka yi gwajin saukar jirgi da shi a Lome. Sunan tsarin a yanzu ANGA.

Rana ma tana da zagayenta

Ƙarfin kumfar yana bin halin rana. Kowace shekara 11 ko kusa da haka rana takan yi zafin rai, baƙaƙen tabo su yawaita a fuskarta, hasken da ke caja ayonosfiya ya ƙaru, sannan ta lafa. Zagayen da muke ciki, na 25 a ƙidayar masana, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwarsa.

A ranar 10 ga Mayun 2024 guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003 ta bugi duniya. Manoma a tsakiyar Amurka, ana tsakiyar shuka, suka ajiye taraktocinsu saboda GPS ya daina bin layi. Labarin ya zagaya duniya saboda abin baƙo ne a can. A wannan yanki namu kumfar ba ta jiran guguwa. A shekarun da rana ke da ƙarfi tana iya tashi dare bayan dare a lokacinta, ba tare da wata tasha ta kawo labarinta ba.

Su wa ke aunawa?

Ba yau aka fara nazarin wannan samaniya a Afirka ta Yamma ba. Farfesa Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan ya fara auna wutar lantarkin da ke gudana da rana a saman layin maganaɗisun tun shekarun 1950, kuma littafin da ya wallafa a kan batun a 1997 har yau masana na komawa gare shi. Tashar Wagadugu ta yi ta auna ayonosfiya daga 1966 zuwa 1998. Tsakanin 1992 da 1994 an jera tashoshi 10 daga San Pedro a gabar tekun Kodebuwa har Tumbuktu don bin sawun layin. A tsakiyar shekarun 2000 shirin binciken damina na AMMA ya kafa na'urorin GPS a Yamai da Gao da wasu garuruwa don auna laimar iska, bayanan kuma suka yi wa masu binciken ayonosfiya rana.

A Najeriya, hukumar sararin samaniya ta NASRDA tana da cibiyar binciken iska a Anyigba ta jihar Kogi. Ofishin babban mai safiyo na tarayya kuma ya kafa jerin tashoshin GPS na dindindin mai suna NIGNET tun daga 2008, ciki har da ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Birnin Kebbi, da ta Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina. Ta Katsinan ba ta kai kilomita 100 daga Madarumfa ba, kusan samaniya ɗaya suke kallo. Lokacin da aka rufe iyakar Jibiya da Ɗan Isa daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, manyan motoci ne suka tsaya. Kumfa ta ci gaba da wucewa ta saman ƙasashen biyu yadda ta saba.

Duk da haka, idan aka kwatanta da Kudancin Amurka ko Indiya ko Japan, tashoshin Afirka 'yan kaɗan ne, sun yi wa juna nisa, kuma bayanansu na yawan yankewa saboda wuta da intanet da kuɗin gyara. Masana sun daɗe suna kokawa cewa lissafin hasashen da ake amfani da shi a duniya ya fi rauni a kan nahiyar da abin ya fi yawa. Ba a iya gyara abin da ba a auna ba, kuma injiniyan da ke Tulus ko Beijin da bayanan da ya samu yake aiki.

Abin da ya sauya shi ne farashi. Na'urar da ke sauraron zango biyu daga dukan tsare-tsaren huɗu, wadda a da sai babbar cibiya ke iya saye, yanzu ana samun ƙaramarta a kuɗin da bai kai na sabon babur ba. Abin da take buƙata shi ne rufin da babu abin da ya kare shi, da faifan sola, da ƙaramar kwamfuta, da wanda zai kula da ita kullum. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kimiyya da fasaha, tana kuma zaune a gefen arewa na layin, daidai inda za a cike giɓin da ke tsakanin tashoshin Najeriya da Sahara. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks da ke neman batun kundin digiri zai samu abin rubutawa a saman ajinsa.

Awon yana buƙatar haƙuri, domin sai an cika shekara 11 ake ganin zagayen rana guda daga farko zuwa ƙarshe. Ana sa ran wannan zagayen zai lafa zuwa wajen 2030, na gaba kuma ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 2030, lokacin da ake fatan jirgin ƙasa na shigowa Maraɗi daga Kano kuma jiragen sama na sauka da ANGA.